Waɗanda hukuma ta taɓa ɗaukar wa yaro a Legas, ku zo ku faɗa mana yadda kuka yi

Uwar marayu, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabciyata ce ke cikin tashin hankali. An kama ɗanta yana tallar ruwan leda a bakin titi, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka kai shi gidan kula da yara. Ba ta jin Turanci, Yarbancin ma sai na ciniki, mijinta kuma yana Arewa. Wannan ya ce ta nemo kuɗi, wancan ya ce ta ɓuya kada a haɗa da ita. Don Allah wanda abin ya taɓa faɗa wa, ya gaya mana abin da ya gani da idonsa. Ba jita-jita muke nema ba.

Mai shayi, Obalende:
Wa alaikumus salam Hajiya. Irin wannan ta same ni, kuma abu na farko da za ki gaya mata shi ne kada ta kuskura ta ɓuya. Yaron da ba wanda ya zo nemansa, rubutawa ake yi ba shi da kowa.

Nawa gyaɗa yake sayarwa. Da na je, tambayar farko da aka yi mini ita ce: da me za ka tabbatar ɗanka ne? Na tsaya na rasa ta cewa. A ƙauyenmu aka haife shi, a ɗaki, ungozoma ta yanke cibi, wa ya yi zancen takarda? Katin rigakafinsa ne ya cece ni, uwarsa ta adana shi a ƙasan akwati, duk ya yi laushi amma sunana na jiki. Na haɗa da wasiƙar malaminsu na Islamiyya da ta shugaban Hausawan unguwarmu, daga baya na yi masa takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Ranar da aka bar ni na gan shi, rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce, ta yi masa yawa har gwiwa. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, Baba, an ba ka farantin gyaɗar? Wallahi har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ma'aikaciya ta zo ta duba ɗakinmu, ta ga inda yake kwana, ta yi wa maƙwabta tambayoyi. Sai da na yi alkawari a rubuce cewa zai shiga makarantar boko kuma ba zai koma talla ba, sannan aka ba ni shi.

Lauya, Ikeja:
Hajiya, sannunku, Allah ya kawo sauƙi. Malam mai shayi ya faɗi gaskiya, bari in ɗora.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta fito a 2003, Jihar Legas ta yi tata a 2007. A wajenta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma ta hana sa yaro bara ko talla a titi. Saboda haka kada maƙwabciyarki ta je da zancen “ai haka muka taso”, ba zai taimake ta ba. Amma dokar nan dai ita ce ta ce yaro yana da haƙƙin samun kulawar iyayensa, kuma ba a raba su haka kawai. Raba yaro da iyayensa na dogon lokaci hukuncin kotu ne, ba na wani ma'aikaci shi kaɗai ba. Kotun iyali ce ke jin irin wannan magana, akwai ta a matakin majistare da na babbar kotu, kuma ba a barin 'yan kallo su cika ta. Abin da alƙali ke aunawa shi ne me ya fi zama alheri ga yaron. Talauci ba laifi ba ne, sai dai dole uwa ta nuna inda zai kwana, abin da zai ci, da makarantar da zai shiga.

Maganar kuɗin lauya kuwa, ita ce ta fi ci mini rai, don na sha ganin mutanenmu sun sayar da babur ko keken ɗinki sun miƙa wa 'yan tsakiya. Legas tana da ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, ana kiransa OPD. An kafa shi a 2000, lokacin Yemi Osinbajo yana kwamishinan shari'a na jihar, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, babban ofishinsa yana Surulere. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ba a ce sai ɗan asalin Legas ba.

Direban tirela, Apapa:
Ni abin da zan ce ɗaya ne. Kada ta dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta mata da Hausa ba. Ta tafi da mai jin Turanci wanda ta amince da shi, ta kuma nemi a ba ta kwafi.

Goggo, Idi-Araba:
'Yata, tawa ta sha bamban, amma ku ji, don da yawanmu muna riƙon 'ya'yan 'yan'uwa. Ƙanena ya ba ni 'yarsa tun tana ƙarama, kamar yadda muka gada. Ita ke ɗebo ruwa da wanke-wanke, kamar kowace 'ya a gidan uwarta. Sai wata a gidan hayarmu ta kai ƙara cewa na kawo 'yar aiki daga Arewa ina bautar da ita. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce 'yar ƙanena ce, 'yata ce. Aka ce to ina shaida? Riƙon da muka sani, na amana da zumunci, ba shi da takarda, su kuma takarda suka sani.

Sai da ubanta ya kwana a mota daga Sakkwato ya zo da kansa, da katin shaidarsa na ɗan ƙasa. Lauyar da aka ba ni kyauta, yarinya ce Bayarabiya, ta zauna da ni da tafinta, ta sa na ba ta labarin tun daga ranar suna. Ita ta ce in kawo katin sakamakon jarrabawar yarinyar da rasit ɗin asibiti na lokacin da ta yi zazzaɓi. Ashe waɗannan 'yan takardun da nake cusawa a cikin kwalla su ne shaidata. Aka dawo mini da ita. Duk mai riƙo a garin nan, ya sa iyayen yaron su rubuta cewa da yardarsu ne, a yi rantsuwa a kotu, a adana.

Malamin Islamiyya, Mile 12:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba kowa zai so ji ba. Ba kullum ne hukuma ke zalunci ba. Na taɓa ganin ɗalibina ya kasa jingina bayansa da bango, da na ɗaga rigarsa sai ga shatin wayar lantarki, sabo a kan tsoho. Mun yi wa mai riƙonsa nasiha, dattawa sun yi, bai daina ba. Ni da kaina na kai rahoto, kuma ban yi nadama ba. 'Ya'yan nan amana ce, za a tambaye mu. Abin da nake roƙo kawai, a riƙa bambanta mai azabtarwa da uwar da yunwa ta sa ta ɗora wa ɗanta talla.

Mai ɗinki, Alaba Rago:
Malam, gaskiya ka faɗa. Ni kuma ba hukuma ce ta ɗauke nawa ba, ubansu ne bayan ya sake ni. Na san a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, amma Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, sai na zaci shi ke nan. A OPD aka fara kiranmu sulhu, da ya ƙi aka kai kotun iyali. An sha ɗage zama, kuɗin mota ya cinye ni, amma yanzu yaran suna hannuna, yana zuwa ganinsu, an kuma yanka masa abin ciyarwa.

Uwar marayu, Agege:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta mata duka, hankalinta ya ɗan kwanta. Katin rigakafin yana nan, gobe da sassafe zan raka ta Surulere. Barista, dole ne sai mijin ya zo?

Lauya, Ikeja:
Kada ku jira shi, Hajiya, uwa tana da ikon tsayawa da kanta. Amma ku kira shi ya shirya, don ana iya neman ganinsa. Ku tafi da katin, da hoton yaron, da duk takardar da aka ba ta ranar da aka ɗauke shi. Ku rubuta ranar da wurin da abin ya faru. Sannan tun a zaman farko ta roƙi a ba ta damar ziyartarsa kafin a gama maganar.