Wanda ya fara ya bari, rago ne?

Sani Birni: Jama'a, na gaji da dariyar da ake mini a fada. Tun da na ce zan shiga gasar nan mai haɗa ninkaya, keke da gudu, sunana ya koma "Bature". Kilomita 1.5 cikin ruwa, 40 bisa keke, 10 a ƙafa, duk a jere ba hutu. Ana sallame asuba nake kama hanyar Mirriya da kekena, in dawo ƙura cike da haƙora. Niyya ce da naci kawai. Wanda ya fara ya bari, rago ne.

Hajiya Rabi: Rago? Ɗana, iya bakinka. Ƙanenka ya taɓa gudun nan ya bari, don shi ke tura kura da jarkoki tun duku-duku in famfo ya ɗauke. Shi ne ragon?

Sani Birni: Hajiya, ki yi haƙuri, ba da shi nake ba.

Iliya Zango: To da wa kake? Rago shi ne mai ƙoshi ya ƙi motsi. Mu a Damagaram ruwan sha ma sai an yi layi, ina na ninkaya? Tafki da damina, ka kwaso tsargiya?

Malam Habu: Iliya, ka tuna Hamadou Djibo Issaka, ɗan Nijar. Wata uku ya yi yana koyon tuƙin kwale-kwale, ya je Olamfik na Landan a 2012. Na baya ya zo, amma bai ajiye ba sai da ya kai.

Iliya Zango: Na baya dai, Malam. Alfaga da ya kawo mana azurfar taekwondo daga Riyo a 2016, a Jamus ya yi horo. Niyya ce ta biya mishi jirgi?

Nura: Ku ƴan Zango ba ku taɓa yaba ɗan Birni ba, ko tashi sama zai yi.

Iliya Zango: Me ya kawo unguwa nan? Kai da ko shagon bakin titi sai da kabu-kabu.

Nura: Maimaita in ji!

Baba Ada: Ku bar wasan Turawa. Mai ƙarfi ya shiga fili ya ɗauko mana Takobi. Ɗan kokowa ne kaɗai ke da bakin ce wa wani rago.

Hajiya Rabi: Ni dai a janye kalmar. Ta yi mini ciwo.

Malam Habu: Na rufe a nan. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda Sani ke da gaskiya, kalmar ce ta ɗan yi nauyi. Maganar ruwa da Iliya ya kawo uzuri ce, tunda keke da gudu ba su neman tafki. Nura da Iliya ku same ni bayan magariba. Sani, ran Lahadi zan raka ka Mirriya da babur.