"Soon come" ɗin mutanen Jamaika: alkawari ne ko sallama?

Abu Hanif: Jama'a ku raba mu gardama. Bakaniken da ke duba min mota a nan Birmingham ɗan Jamaika ne. Tun hantsi ya ce min "soon come", wato ga shi nan tafe, bai iso ba sai da magariba ta kawo jiki. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai bai yi ƙarya ba, ya ce zai zo kuma ya zo. Har da kawo min karin maganarsu, wai da ɗaya-ɗaya gwaza ke cika kwando. Wannan ita ce "sannu ba ta hana zuwa" tamu, ko fakewa da guzuma ce?

Malam Na Bakin Kasuwa: Ka ƙarasa ta mana, ƙanina: sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma matafiyi aka yi wa ita, ba wanda ya shanya ɗan'uwansa a rana ba. Saɓa alkawari kuwa duk mun san alamar wane ne.

Ɗan Zango: Allah gafarta Malam a sassauta, mu ma "ina zuwa" muke cewa muna ba mutum baya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ƙasar da ta haifi Usain Bolt, mai mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, ita ake zaman jira. Ko shi kaɗai ya kwashe saurin ƙasar?

Baban Ilham: Ku tuna gonakin rake. Tun kafin gari ya waye ake busa wa bayi ƙahon dodon koɗi su fito, wanda ya makara ya sha bulala, kuma ba su samu cikakken 'yanci ba sai 1838. A ganina mutanen da aka kora da ƙaho haka, ba mamaki jikokinsu su ƙi a kora su da agogo.

Malam Na Bakin Kasuwa: To motar Abu Hanif ce ta bautar da su?

Maman Zara: Baban Ilham ka tuna min da kakata ta wajen uwa, 'yar yankin Clarendon ce a Jamaika. Doya da ayaba take kaiwa kasuwar Coronation a Kingston. Cikin dare suke hawa babbar mota, a zaune kan buhu, su isa kafin asuba, don wadda ta makara ta rasa wurin baza kaya. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin motar nan ta tafi ta bar ta ba. Da ta dawo Landan tana aikin shara a asibiti, nan ma ita ke fara isa.

Amma ranar bikin 'yarta! Fasto ya zauna, ango ya jiƙe da gumi cikin kwat, ana ta aiko yara, tana cewa "soon come". Tana bayan gida tana juya tukunyar naman akuya, wai bai yi laushi ba, kuma ba za a ce a bikin 'yarta an ci nama mai tauri ba. Ga wata maƙwabciya ta shigo da kukan mijinta, sai da ta zaunar da ita ta ba ta shayi. Da aka yi mata magana daga baya cewa ta yi, wanda ke biyanta shi ke da agogonta, sauran jama'a kuwa dangi ne.

Abu Hanif: Yaya, ai ni ina biyansa!

Ɗan Zango: To ya ɗauke ka ɗan'uwa kenan, barka.

Talakan Ƙasa: Ku ma kun ji daɗi, naku ya zo da magariba. Rijiyar burtsatsen da wani ya yi mana alkawari tun zaɓen farko, ga shi yana neman zango na uku, har yau "soon come".

Hajiya Mai Atamfa: Namu taron ƙarfe goma yake zuwa da la'asar, 'yan makaranta sun bushe a rana, kuma a tashi a yi masa tafi da kirari.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku bar siyasa. Har yanzu ba wanda ya gaya min abin da ya haɗa gwaza da makara. Maganar tarawa ce, ta mai adashi.

Maman Zara: Ita ma kaka a kan adashinsu take faɗinta, Malam. Abu Hanif, ya dai gyara motar kuwa?

Abu Hanif: Ya kwance ta. Ya ce sauran kayan sai gobe.