Wai kujerar ɗan majalisa tasa ce ko ta jam'iyya?

Ɗan Kusugu:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana ku fitar da ni duhu. A zaɓen 2023 tun asuba na bi layi a nan Daura, kuma takardar ƙuri'ar da aka miƙo min ba sunan kowa a jiki sai tambari, tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari. To in mutum ya ci da lema ya je Abuja ya sauya sheƙa, ƙuri'ar waɗanda suka dangwala wa lemar fa, ina ta tafi? Abin na ci min rai wallahi.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya sauka daga kujera, sai dai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. To ta wannan ƙofar kowa ke sulalewa, ka ji ana karanta wasiƙa a zaure wai rikici ya yi yawa a jam'iyyarsa, shi ke nan an tafa masa. Ka duba majalisar dattawa, kujeru 109 ne, bayan zaɓen APC na da 59, PDP 36, LP 8, saura na NNPP da SDP da APGA da YPP, amma je ka ƙirga yau ka gani.

Baban Khalifa, Kofar Soro:
Malam gaskiya ne amma a yi adalci, ɗan adawa a cikin mutum 360 na majalisar wakilai wa zai saurare shi, shugabancin kwamiti mai maiƙo ba ya samu, aikin mazaɓa sai ya yi ta bin ofis ofis. Mu Katsina kujeru 15 gare mu a majalisar wakilai, in suna inuwa ɗaya ai sun fi ƙarfi.

Maman Ummi:
Haba Baban Khalifa, sanatocinmu uku duk 'yan tsintsiya ne tun 2023, ka tambayi mutanen Jibiya da Batsari ko hakan ya sa suna barci da ido biyu rufe. In kowa ya koma ɗaki ɗaya wa zai miƙe ya ce kasafin nan da gyara? Ni dai wanda zai koma ya ajiye kujerar, INEC ta sake zaɓe, in muna son shi mu sake dangwala mashi.

Ɗan Kusugu:
Na gode Malam. To wa ke da hurumin kai ƙara kotu, jam'iyyar ce kaɗai ko mu masu ƙuri'a ma za mu iya?