Shin salon sumo ragwanci ne a ɗaga ƙarfe daga ƙasa?

Bashir: Jama'a, ra'ayina bai sauya ba. Wanda ya buɗe ƙafafu sosai, ya saka hannuwa a tsakanin gwiwoyinsa, wato salon sumo, ya rage wa kansa aiki ne, domin sandar ƙarfen ba ta yin nisa kafin ya miƙe. Wanda ya tsaya ƙafafunsa daidai faɗin ƙugunsa, hannuwa a wajen gwiwoyi, wato salon da aka saba, shi ne ya ɗaga nauyi da gaske. Shi ya sa gasar ƙarfafan duniya ba ta yarda da sumo ba, kuma kilo 500 da Eddie Hall ya ɗaga a 2016, da kilo 501 na Hafthor Bjornsson a 2020, duk da salon da aka saba aka yi su.

Malama Hadiza: Malam Bashir, batun tazara gaskiyarka ce. Binciken Escamilla da abokan aikinsa na shekarar 2000 ya nuna cewa nisan da sanda ke yi zuwa sama, da aikin da ake kashewa, sun fi yawa da kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari a salon da aka saba. Sai dai mai ɗaga nauyinsa na ƙarshe ba ya kasawa don tafiyar ta yi tsawo, yana kasawa ne a wuri guda inda ƙarfin da gaɓa ke buƙata ya wuce abin da tsoka za ta iya bayarwa. Nauyin da ke kan kowace gaɓa ya danganta ne da nauyin ƙarfen da kuma tazarar da ke tsakanin gaɓar da layin da nauyin ke bi. Wannan binciken da kansa bai samu bambanci mai ma'ana ba a abin da ke kan gaɓar kwankwaso tsakanin salon biyu. Bambancin ya fito ne a gwiwa da idon sawu.

Bashir: To Malama, idan kwankwaso aikinsa ɗaya ne, ai bayan mutum ya huta a sumo, tunda ƙirjinsa a miƙe yake. Hutun nan shi nake kira ragwanci.

Malama Hadiza: Ya ɗan samu sauƙi, amma bai huta ba. Cholewicki da McGill da Norman sun auna masu gasa a Kanada a 1991, suka samu cewa sumo ya rage nauyin da ke neman lanƙwasa ƙasan gadon baya da kusan kashi 10 cikin ɗari, ya kuma rage ƙarfin da ke neman zamar da ƙashi ɗaya kan ɗan'uwansa da kusan kashi 8. Abin da baya ya sauke kuwa, cinya ce ke ɗauka. Da Escamilla ya manna wayoyin auna aikin tsoka a jikin 'yan wasa a 2002, tsokokin gaban cinya na ciki da na waje, da tsokar gaban ƙwauri, sun fi aiki a sumo, yayin da tsokar sha-raɓa ta fi aiki a ɗaya salon. Ina jaddada wannan ne saboda ina jin ana gaya wa masu ciwon baya cewa su koma sumo su ɗora duk abin da suke so, kuma wannan shawara tana da haɗari.

Koci Aminu: Bari in faɗi abin da ido ke gani a wajen atisaye. Mai sumo yana shan wahalarsa ne a farko: za ka ga ya ja, sandar ta ɗan lanƙwashe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma faifan ƙarfen sun ƙi barin ƙasa na ɗan lokaci, kuma idan gwiwoyinsa suka faɗo ciki a wannan gaɓa, an gama. Idan ya samu ya raba ƙarfen da ƙasa, sauran yakan zo da sauƙi. Mai salon da aka saba kuwa yakan fizge shi daga ƙasa da sauri, sannan ya maƙale a kusa da gwiwa, bayansa ya fara lanƙwashewa kamar ƙusumbi, sandar tana goge masa cinya yana neman miƙewa. Da sumo hanyar sauƙi ce ga kowa, da duk masu gasa sun koma gare shi, tunda dokar IPF, ƙungiyar duniya mai kula da gasar ɗaga nauyi ta powerlifting (wadda daban take da gasar ƙarfafan da ka ambata), ta halatta duka biyun. Amma har yau manyan masu nauyin jiki da yawa suna nan a salon da aka saba, sumo ya fi yawa a tsakanin mata da masu ƙaramin jiki.

Bashir: Koci, wannan ma hujja ce a gare ni. Gajere yana buɗe ƙafa har yatsunsa su kusa taɓa faifai, ya ɗaga ƙarfen ɗan taƙi kaɗan, a ba shi kambu.

Koci Aminu: Akwai masu yin haka, kuma ni ma ba ya burge ni. Amma gwada shi ka gani, ɗan'uwa. Buɗewar nan tana buƙatar ramin kwankwason da zai bar ƙashin cinya ya juya waje ba tare da ya tokare ba, kuma wannan halitta ce, miƙe jijiya ba ta sauya siffar ƙashi. Wanda ramin kwankwasonsa ke da zurfi zai ji tsunkuli a matsematsi tun kafin ya kai hannu ga sanda. Ed Coan ya ɗaga kilo 409 a 1991 yana ajin kilo 100, da sumo mai matsakaicin buɗi, kuma ban san wanda zai kira shi rago ba.

Bashir: Coan kam na sara masa. Amma da ni ke rubuta doka, sai in ƙayyade iyakar buɗin ƙafa, ko a raba tarihin bajintar salon biyu.

Malama Hadiza: A kan raba tarihin bajinta zan iya binka, Malam, domin gwaji biyu ne masu buƙatu daban. Ƙayyade buɗin ƙafa kuwa zai yi wuya, tunda faɗin da ya zama matsakaici ga dogo mai dogayen cinyoyi ya wuce kima ga gajere, kuma alƙalin gasa ba zai tsaya auna ƙashin cinyar kowa kafin ya hau dandamali ba.