Wa ya taɓa shawo kan oga ya bar wa ƙudan zuma fure?

Mai fulawa, Ikeja:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina kula da harabar wani kamfani. Bara na shuka kabewa a bayan ɗakin janareta, ta yi fure har ta gaji, ko ɗa ɗaya ba ta ɗaura ba. Kun san kabewa furen namiji daban, na mace daban. In ƙudan zuma bai kwaso garin furen namijin ya kai wa na macen ba, sai ɗan ƙwallon ya yi rawaya ya faɗi. Nan na farga rabona da ganin ƙudan zuma a wurin har na manta. Harabar tamu intalok ne da ciyawar roba da shingen ixora, fulawar nan mai jan fure, da ake aske wa kai duk sati biyu. Wa ya taɓa gyara irin wannan bai rasa aikinsa ba?

Dattijo mai lambu, Agege:
Wa alaikumus salam ɗana. Almakashinka ne farkon laifi. Ixora a kan tsinin reshe take fure, kai kuma tsinin kake yankewa. Ni a otal ɗin da nake, gaban ƙofa na bar shi a aske yadda manaja ke so, amma layin da ke jikin katangar baya na daina taɓa shi wata biyu. Ya yi jajir, malam-buɗe-littafi ya cika wurin. Daga baya na saka zogale uku da daddoya a gindinsu, na bar daddoyar ta yi fure maimakon a tsinke ta. Da hantsi ka tsaya ƙarƙashin zogalen nan, gunjin ƙudan kawai za ka ji. Bougainvillea kuwa, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, kyau ne da ita, amma ban cika ganin ƙudan zuma a kanta ba.

Maigadi, Lekki:
Baba ya yi gaskiya, amma duk abin da kuka shuka in mai feshi ya zo da safe an gama. A filazarmu ranar Asabar ƙarfe tara yake zuwa, daidai lokacin da ƙudan ke kan fure, ya bi fulawa da kwata duka ya feshe. Ni nake share gawarwakinsu. Na roƙe shi ya koma bayan magariba, ya tsaya kan magudanar ruwa inda sauro ke ƙyanƙyasa, ya ƙyale furanni. Ya ce sai oga ya yarda. Oga ya yarda don da yamma babu kwastoma, ba don ƙudan ba. Ni dai buƙata ta biya.

Mai sayar da abinci, Obalende:
Ku yi haƙuri malamai, ni tsoron harbi nake. Wata kwastoma ƙudan ya harbe ta kusa da teburina, fuska ta kumbura, ranar ban yi ciniki ba.

Dattijo mai lambu, Agege:
Hajiya, mai yiwuwa zaƙin lemon kwalba ya jawo shi. Ƙudan da ke kiwo a kan fure ba ruwansa da kowa sai an matse shi. Amma kina da gaskiya, ni ma ba na sa masu jan ƙudan a bakin ƙofa ko inda ake cin abinci. Da hunturu kuma ina ajiye musu faranti da tsakuwa da ɗan ruwa can nesa, in zubar in sake duk kwana biyu saboda sauro.

Mai fulawa, Ikeja:
Na gode Baba. Ranar 14 ga Yuli ce ranar dashen itatuwa ta jihar Legas, manajanmu kuma yana son hoto. Da ita zan shigar masa da zogalen. Mai feshin namu ranar Juma'a yake zuwa, zan tare shi tun a get.