Neman shawara: anko ya sauya kala, fuskar amarya ta koma kamar manja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini, abin nan ya hana ni barci. Makon jiya na ɗauki bidiyon kamun wata amarya a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi. Kyamarata Sony a6400 ce, na sa ta a S-Log3, wani tsarin ɗaukar bidiyo da ke cikinta, don na ji ana cewa shi ke ba da kalar fim. Ɗakin kuwa cike yake da fitilun ado, shuɗi da shunayya. Da na zo tacewa a manhajar Premiere Pro sai na ɗora wani LUT, wato fayil mai sauya kalar hoto, da na sauke daga intanet, mai mayar da inuwa shuɗi-shuɗi, fata kuma ruwan lemo. A kwamfutata ya yi mini kyau. Da na tura wa uwar amarya, sai ta kira ni ta ce, "Ɗana, wannan ba ankonmu ba ne." Kuma gaskiyarta. Leshin kore ne shar, ya koma ruwan bula. Fuskar amarya ta yi ja kamar an shafa mata manja, zanen lallen hannunta ya nutse cikin duhu. Jibi zan miƙa aikin. Ta ina zan fara?

Wani mai tace bidiyo daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, aikin bai lalace ba. Kwalliya ka yi wa hoton tun bai yi wanka ba. S-Log3 ɗanye ne, shi ya sa yake fitowa fari-fari kamar hazon hunturu. Cire LUT ɗin nan gaba ɗaya. Fara da mayar da hoton zuwa Rec.709, wato ma'aunin kalar da talabijin ke bi; Sony suna da nasu LUT ɗin na wannan aikin, kyauta. Daga nan ka daidaita haske da duhu, sannan fari. Nemi wani abu da ka tabbata fari ne a wurin, ko mayafin tebur ko farar shaddar wani, ka ja har ya zama fari na gaskiya. Sai ka buɗe bektaskof, wato da'irar da ke auna kalar hoto, a cikin Lumetri, sashen kala na Premiere, ka keɓe kuncin amarya kaɗai. Akwai layin fata tsakanin ja da rawaya, wajen ƙarfe 11 in ka ɗauke shi kamar agogo. Fatar ɗan Adam, baƙi ko fari, kusa da layin nan take sauka, bambancin yana wajen haske ne da kaurin kala. In ta zauna a kai, ka rage kaurin kaɗan. Kada ka yarda da idonka bayan ka yi awa biyu kana kallon allo, ido yana sabawa da kuskure.

Wata 'yar'uwa daga Malali:
Ni abin da zan ƙara, ka roƙi Hajiya ta aiko maka da ƙyallen ankon, ka ajiye shi gefen allo da rana kana gyarawa. Mu mata kalar anko muke fara dubawa, an kashe kuɗi a kansa. Lallen kuma ka ɗaga inuwa a hankali zai fito.

Wani daga Kawo:
Malam, a6400 ɗinka 8-bit take ɗauka, matakai 256 ke nan a kowace kala, mai 10-bit kuwa 1024. In ka matsa wa S-Log3 a ɗaki mai duhu, bango zai yi layi-layi, hoton ya yi yashi. Biki na gaba ka bar S-Log3, ka saita fari da hannu a wurin, ka tafi da fitilarka ɗaya don fuskar amarya. Inda shunayya ta riga ta zauna a fuska, ba duka za ta fita ba, rage ta kawai za ka yi. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ma akwai ta kyauta, ta fi daɗin keɓe fata.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Yaya, na bi yadda ka ce, fuskar ta dawo, zanen lallen ma ya fito. Ƙyallen ya iso da la'asar, kore ya koma korensa. Saura wurin rawa da fitilun suka fi ƙarfi, shi zan zauna a kai bayan isha'i.