Neman shawara: sauka a matsattsen fili ranar jarrabawar tuƙin helikwafta

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum, manyanmu. Ina koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu kusa da Johannesburg, da Robinson R44, saura mako biyu in shiga jarrabawar lasisi. Komai ya zauna mini ban da sauka a matsattsen fili. Akwai wani ɗan sarari tsakiyar dogayen itatuwan turare inda malamina ke kai ni. Jiya na shigo daga sama sosai, gudu ya mutu, jirgi ya fara nitsewa, sai da malam ya karɓe tuƙin. Tun jiya gabana ke faɗuwa. Idan ranar na ga shigowar ba ta yi ba na fasa na sake zagayowa, mai jarrabawa zai kayar da ni?

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fasawa ba ta kayar da mutum, naci ne ke kayarwa. Hankalinka yake aunawa, kuma ya fi son ya ji ka ce "na fasa" da bakinka kafin hannunsa ya kai ga sandar tuƙi. In har shi ya karɓe, to magana ta lalace.

Abin da ya same ka jiya muna tsoronsa ƙwarai. Gudu ya yi ƙasa da not 30 (not ma'aunin gudun jirgi ne), kana gangarowa fiye da ƙafa 300 a minti, inji kuma yana ja: farfela za ta iya faɗawa cikin iskar da ita kanta ta tura ƙasa. A nan ƙara ƙarfi ba ya ɗaga ka, ƙara nitsewa kake yi. Don haka ka rage gangarowa tun gudu bai mutu ba.

Kada ka yi rowar zagayen dubawa. Daga ƙafa 500 ka karanta filin: girmansa, siffarsa, abin da ya kewaye shi, gangarensa, da irin ƙasar. Ka nemo inda iska ke fitowa, hayaƙi ko ciyawa za su gaya maka. Ka zaɓi mafita kafin mashiga. Duk wannan ka riƙa faɗinsa da ƙarfi, mutumin ba ya karanta zuciya.

Injiniya:
Kyaftin ya gama magana, ƙari ɗaya gare ni. Johannesburg ta haura mita 1,700 daga teku, iskar can ba ta da kauri, balle da rana. Ramin da ka shiga da sauƙi yana iya hana ka fita. Ka gwada ƙarfin inji tun kana sama, ka duba jadawalin littafin jirgin da nauyinku na ranar. Mai jarrabawa zai iya fin malaminka jiki, tambayi nauyinsa, ba rashin kunya ba ne.

Yar Katsina:
Wayar lantarki, ɗan'uwa! Ba a ganinta daga sama, falwaya ake nema, in ka ga biyu ka ɗauka akwai waya tsakaninsu. Sannan da ka shiga fili ka tuna jirginka yana da jela. Ni a tawa jarrabawar sai da na leƙa baya kafin kowane juyi, har wuyana ya yi ciwo.

Tsohon Kyaftin:
Na manta ƙura, kuma gida za ka dawo aiki. Ranar 2 ga Fabrairun 2019 helikwaftan da ya ɗauko Osinbajo, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, ya faɗi a Kabba ta jihar Kogi wajen sauka, ƙura ce ta turnuƙe matuƙa suka daina ganin ƙasa. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Wannan ma buɗaɗɗen filin wasa ne. In ka ga jar ƙasa busasshiya, saka ta cikin lissafi tun daga sama.

Ɗan Zazzau:
Allah Ya saka da alheri, Baba Kyaftin. Gobe da safe muna da tashi, zan roƙi malam mu yi ta gwada fasawa daga saitin kan itatuwan. Injiniya, mai jarrabawar na gan shi, ƙato ne. Bari in buɗe jadawalin.